Kafin ka sayi tsohon babur ɗin ƙanƙara a Kanada, duba birkinsa

Duk wanda aiki ko karatu ya kai shi arewacin Ontario, wajajen Sudbury ko Thunder Bay, hunturun farko ba zai wuce ba sai sha'awar babur ɗin ƙanƙara, wato abin hawa mai inji da ke tafiya a kan dusar ƙanƙara, ta kama shi. Mutanen nan sikidu suke ce masa, daga sunan Ski-Doo da kamfanin Bombardier ya fara sayarwa a 1959 a garin Valcourt na Kwibek, ko da kuwa ƙirar Polaris ne ko Arctic Cat. Sabo tsada ne da shi, shi ya sa sabon zuwa yake faɗawa shafin saye da sayarwa na Kijiji ko kasuwar Facebook neman na hannu. Kuma akasari inji kawai muke saurare. Ya tashi? To, madalla, a kawo makulli.

Ni ma haka na yi. Nawa ɗan farkon shekarun 1990 ne, birkinsa na waya, irin wanda muka sani a tsofaffin baburan gida: ka matsa hannun hagu, waya ta ja, muƙamuƙin birki ya kama faifan da ke kusa da akwatin sarƙa. A gareji lafiya lau yake. Amma dusar ƙanƙara na shiga cikin inji, zafi ya narkar da ita, ruwan ya sulale cikin rigar wayar. Na tsaya shan shayi na minti ashirin, na dawo na hau, ina gangara wani tudu na matsa birki na ji hannun kamar an kafe shi da ƙusa. Ruwan ya daskare. Allah Ya taimake ni, tarin ƙanƙara mai laushi ne ya tare ni, ba itace ba.

Daga nan na mayar da shi birkin mai. Abubuwa uku ne ginshiƙin aikin: famfon da ke kan hannu tare da ɗan kofin mansa, tiyo, sai muƙamuƙin da mai ke turawa. Famfon ba ya ba da wahala, domin kaurin ƙarfen hannun yawancin waɗannan babura ɗaya ne, kusan milimita 22. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙasa. Ramukan noti na sabon muƙamuƙi ba lallai su dace da tsohon akwatin sarƙa ba, kuma kaurin faifai kan bambanta. Don haka je wurin masu sayar da kayan tsofaffin babura, 'yan gwangwan ɗin nan, ka nemo cikakken saiti daga babur na kamfani ɗaya da ya biyo bayan naka da 'yan shekaru, har da faifan, wani lokaci har da akwatin sarƙar. Kada ka yi haɗe-haɗe, famfon wannan da muƙamuƙin wancan. In sai an yanka ƙarfe an yi walda, bar wa bakanike. A nan kuɗin aikinsa da awa ake lissafawa, tambayi farashi tukuna.

Man birki kuma, zuba wanda aka rubuta a murfin kofin, DOT 3 ko DOT 4, kada ka gauraya da DOT 5. Man DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi, don haka sabuwar kwalba za ka buɗe, kuma yana cin fenti in ya zuba. Sai fitar da iska: ka matsa hannu, abokinka ya kwance ɗan notin ƙasa, ya ɗaure kafin ka saki, a maimaita har kumfa ta daina fita. Hannun da ya yi laushi kamar soso, akwai sauran iska. Tiyon kada ya taɓa salansa, kuma ka juya kan babur dama da hagu har ƙarshe ka ga bai ɗaure ba. Haɗa wayar fitilar birki. Wanda ke binka a baya da ita yake sanin za ka tsaya.

In babur ɗin ƙarami ne, na zagayen gona kawai, sabuwar waya da ɗan mai a cikinta sun wadatar, kada ka ɓata kuɗinka. Amma in hanyoyin OFSC, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu baburan ƙanƙara ta Ontario, za ka hau, inda gudu bai wuce kilomita 50 a awa ba, sai da takardar izininsu, da inshora, da hular kwano. Gwada sabon birkin a fili, a hankali, sau da yawa, kafin ka bi ayari cikin daji.