Yadda Ake Amsa Tambayar "Da Tilas Ne, Wane Addini Za Ka Koma?"

Duk wanda ya tashi a Aboabo ko Asawase, ya yi makaranta da 'ya'yan Asante, ya kuma nemi abinci a cikin Kumasi, da wuya a ce wannan tambaya ba ta taɓa iske shi ba. Ni a wurin aiki ta same ni, muna cin waakye da rana, wani abokin aikina Kirista ya ajiye cokali ya ce, "Kramo, a ce an ɗora maka wuƙa a wuya an ce sai ka bar Musulunci, wane addini za ka kama?" Kramo shi ne sunan da Asante ke kiran Musulmi da shi, kuma babu raini a muryarsa. A Ghana, ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun ɗan haura kashi 71 cikin ɗari, Musulmi kuma kusan kashi 20, ya kamata mutum ya san yadda zai amsa ba tare da ya taɓa imaninsa ko ya ɓata wa maƙwabcinsa rai ba.

Abu na farko shi ne ka gane ko hira ake yi, ko kuwa akwai wanda ke cikin matsi na gaske, domin amsar ba ɗaya ba ce.

Idan hira ce, kada ka ce "da zan zama kaza", saboda malamai suna gargaɗi sosai a kan ƙulla niyyar barin addini ko da an rataya ta ga wani abu da bai faru ba. Ka gyara tambayar da kanka, ka ce wa mai tambaya ba ka da niyyar sauya addini, amma za ka gaya masa wanda ka ga ya fi kusa da abin da ka riƙa. Daga nan sai ka auna da ma'auni biyu, wato aƙida da rayuwar yau da kullum. Ta fuskar kaɗaita Allah, addinin Yahudu ne mafi kusa, kuma su ma ba sa cin alade, suna yanka, suna kaciya, suna gaggauta binne mamaci. Har a nan Ghana akwai ƙaramar al'umma mai bin wannan addini a Sefwi Wiawso. Ta fuskar zaman tare kuwa, aya ta 82 ta Suratul Ma'ida ta ambaci waɗanda suka ce su Nasara ne a matsayin mafi kusa da muminai wajen soyayya, ko da yake saɓanin da ke tsakaninmu a kan matsayin Annabi Isa, alaihis salam, ba ƙarami ba ne, kuma ɓoye shi don faranta wa aboki rai yaudara ce. Addinin gargajiya na Akan, al'ummar da Asante ke cikinta, shi ma ya san Mahalicci, Onyankopon, sai dai tsiyaya abin sha ga magabata, kamar yadda ake yi a bikin Akwasidae a Manhyia, fadar sarkin Asante, duk bayan mako shida, ba abin da Musulmi zai iya ɗauka ba ne. Ka faɗi wannan da ladabi, sannan ka mayar masa da tambayar, domin a amsarsa ne za ka san abin da ya fahimta game da kai.

Sai dai akwai wani gyara da ya dace ka yi wa tambayar tun daga tushe: a tarihi, mai tilastawa ba ya shimfiɗa addinai kamar kayan kasuwar Kejetia ya ce ka zaɓa. Nasa yake ɗora maka. Bayan faɗuwar Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Sifen, a 1492, an kafa wa Musulmin masarautar Kastila ta Sifen doka a 1502 cewa ko su karɓi baftisma ko su bar ƙasa. A 1504 wani malamin Malikiyya ɗan asalin Wahran ta Aljeriyar yau, Ahmad bin Abi Jum'a, ya aika musu da fatawa cewa su yi salla ko da da ishara ne, su yi taimama idan alwala ta gagara, kuma idan an tilasta musu cin alade su ci suna ƙinsa a zuci. Duk da haka aka fara korar zuriyarsu daga Sifen a 1609. Gaskiya kuma ta wajabta a ce abin ba gefe ɗaya ya shafa ba, domin Yahudawa sun sha irin wannan a hannun daular Muwahhidun ta Musulmi a ƙarni na 12, har malaminsu Musa bin Maimun ya shawarce su da su furta kalmar don tsira da rai, su riƙe addininsu a ɓoye, su kuma yi ƙaura da zarar hanya ta samu. Kiristocin Japan su ma an riƙa sa su taka hoton Almasihu da ƙafa, ba a ɗage haramcin addininsu ba sai a 1873.

To, idan matsin na gaske ne, hukuncin a bayyane yake a aya ta 106 ta Suratun Nahl, wadda malaman tafsiri suka danganta da Ammar bin Yasir. An kashe iyayensa, Yasir da Sumayya, a Makka, shi kuma aka azabtar da shi har ya furta abin da suke so, ya zo wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana kuka, aka tambaye shi halin zuciyarsa, ya ce tana natse da imani, aka kuwa ɗauke masa laifi. Bilal ya jure yana cewa "Ahad, Ahad", kuma duka biyun sahabbai ne masu daraja. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin zangunanmu ke bi, ba a halatta furta kalmar kafirci sai don tsoron kisa, kuma haƙuri ya fi falala. Wanda ya shiga wannan hali ya faɗi iya abin da zai kuɓutar da shi kawai, ya yi amfani da magana mai harshen damo idan zai iya, sannan ya nemi mafita. Zaɓin da sahabbai suka yi a irin wannan hali na wurin zama ne: sun yi hijira zuwa Habasha, ƙarƙashin Najjashi, sarki Kirista wanda ba a zaluntar kowa a ƙasarsa.

A nan Ghana, alhamdu lillahi, matsin ba na takobi ba ne, na makaranta ne, ko na aure, ko na ubangidan aiki, kuma a ganina kuskure ne babba mutum ya jawo rangwamen Ammar ya lulluɓe tsoron rasa albashi da shi. 'Yar ƙanwata ta taɓa dawowa hutu daga wata makarantar kwana ta mishan, ta zauna a bakin tabarma tana murza gefen mayafinta, ta ce, "Kawu, an ce duk wadda aka kama tana salla a ɗakin kwana za a hukunta ta." Na ce mata, "'Yata, wannan ba wuƙa a wuya ba ce, magana ce ta takarda." A irin wannan, ka rubuta abin da aka faɗa da ranar da aka faɗe shi da wanda ya shaida, ka je wurin shugaban makarantar ko wurin aikin tare da limaminku ko sarkin zango, ka tuna musu cikin natsuwa cewa sashe na 21 na tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin bin addininsa da bayyana shi. Kada ka fara da Facebook, domin abin da zaman sa'a ɗaya zai warware, hayaniya kan mayar da shi rigimar addinai biyu. Ka nemi wani fasto mai mutunci ya raka ku idan akwai, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar da Babban Limami Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya ziyarci cocin Katolika na Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019. Idan zaman bai yi amfani ba, sai ka shigar da koke a rubuce a ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, CHRAJ, ka kuma kai kwafinsa ofishin Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa na yankin Ashanti, ka ajiye naka kwafin mai ɗauke da tambarin karɓa.