Yadda Ɗalibi Zai Riƙe Kundin Tunani a Kan Littattafan da Yake Karantawa da Kansa

Ɗalibai da yawa suna karanta littattafan da suka zaɓa wa kansu bayan waɗanda manhaja ta tanada, amma idan aka tambaye su bayan wata biyu abin da suka tsinta a ciki, sai su ce littafin ya yi daɗi, daga nan kuma magana ta ƙare. Kundin karatu shi ne littafin rubutun da ɗalibi yake keɓewa domin ajiye abin da karatu ya tayar masa a rai, tun kafin mantuwa ta share shi. Labarin da ke cikin littafi marubucinsa ya riga ya rubuta shi, saboda haka babu amfanin sake kwafe shi. Abin da kundin yake buƙata shi ne tunanin mai karatun, wato mamakinsa, shakkarsa, abin da ya yarda da shi da abin da ya ƙi.

A samu littafin rubutu guda ɗaya wanda ba za a haɗa shi da aikin aji ba, domin takardu warwatsattsu ba sa daɗewa. Waya ko kwamfuta ma za su iya yin aikin, sai dai saƙonnin da suke shigowa sukan katse tunani a daidai lokacin da ya fara kama hanya. A bar shafi biyu na farko ba rubutu, za a dawo gare su daga baya. A saman kowane rubutu kuma a sa kwanan wata, sunan littafin da shafukan da aka karanta.

Bayan an gama karatun ranar, sai a rufe littafin ruf, a rubuta layi uku ko huɗu na abin da ake iya tunawa ba tare da an leƙa ba. Wannan mataki yana da wuya a farko, kuma wuyar tasa ita ce amfaninsa. A shekarar 2006 masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai gajerun rubuce-rubuce su karanta, sannan wasu suka maimaita karatun, wasu kuma aka sa su rubuta abin da suka tuna daga ka. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne suka yi gaba, amma bayan mako guda sai masu rubutawa daga ka suka fi su riƙe abin da aka karanta. Idan ɗalibi ya gama rubuta abin da ya tuna, yana iya buɗe littafin ya ga inda ya yi tsallake, kuma sau da yawa wurin da ya tsallake shi ne wurin da bai gane ba tun farko.

Daga nan sai ainihin aikin. A ja layi daga sama zuwa ƙasa a raba shafin gida biyu. A ɓangaren hagu a kwafi jimla ɗaya ko biyu da suka tsayar da mai karatu, tare da lambar shafin, a ɓangaren dama kuma ya amsa musu da nasa kalmomin. Mu ɗauka ɗaliba tana karanta labarin wata yarinya da ta ga ƙawarta tana satar amsa a jarrabawa, malami ya tambaye ta, ta ce ba ta ga komai ba. Idan ɗalibar ta rubuta a dama cewa yarinyar ta yi ƙarya domin ta kare ƙawarta, to ba ta ƙara komai ba, domin littafin ya riga ya faɗi haka. Amma tana iya rubuta cewa: “A babi na biyu an nuna yarinyar nan ba ta jure rashin gaskiya ko kaɗan, har ta taɓa faɗa da yayanta a kan haka. To me ya canza yanzu? Ina zargin tsoron rasa ƙawa ne, tunda ba ta da wata. Idan haka ne, zan ga ko za ta iya haɗa ido da malamin a babi na gaba.” A waɗannan layuka ta haɗa babi biyu, ta yi tambaya, ta kawo hasashe tare da hujjarsa, sannan ta ba kanta dalilin ci gaba da karatu da ido buɗe. Ko hasashen nata ya zama kuskure, a bar shi yadda yake kada a goge, domin ganin inda marubuci ya kauce wa tsammanin mutum yana koya masa yadda ake ƙulla labari.

Akwai ranar da biro zai tsaya cik. A irin wannan rana ɗalibi ya tambayi kansa wane tauraro ne ya ba shi haushi da dalilin haka, ko wane wuri ne ya karanta sau biyu kafin ya gane, ko kuma me zai tambayi marubucin da za su haɗu. Idan littafin na tarihi ne ko na kimiyya, tambayar da ta fi amfani ita ce wace hujja marubucin ya kawo, kuma shin ta isa ta ɗauki nauyin abin da ya ɗora mata. Ba laifi ba ne ɗalibi ya rubuta cewa littafi ya gundure shi har ya ajiye shi, muddin dai zai faɗi a wane shafi ne da abin da ya jawo hakan. A ganina irin wannan rubutu ya fi yabon da ba a kawo masa dalili ba nesa ba kusa ba.

Rubutu sau biyu ko uku a mako, na minti goma zuwa goma sha biyar, ya wadatar, domin wanda ya ɗora wa kansa cika shafi kullum yakan gaji ya watsar kafin wata ya ƙare.

Idan an kammala littafi, sai a koma a karanta duk abin da aka rubuta a kansa daga farko, a ƙara shafi ɗaya a kan yadda ra'ayi ya sauya tsakanin babin farko da na ƙarshe. A nan ne shafukan nan biyu da aka bari suke da amfani: a rubuta batutuwan da suke yawan dawowa, kamar amana, tsoro ko mulki, a sa lambobin shafukan kundin da suka fito a gaban kowanne. Dabarar tsohuwa ce, domin masanin falsafar nan na Ingila, John Locke, ya tsara wa nasa kundin irin wannan jeri, aka kuma buga bayanin tsarin da Turanci a 1706. Da wannan jeri ɗalibi zai ga cewa littattafai uku da ba su da alaƙa da juna sun taɓo tambaya ɗaya, kowanne da irin amsarsa.

Malamin da zai duba kundin yana bukatar taka-tsantsan, domin da zarar jan biro ya fara bin kurakuran nahawu da ƙa'idojin rubutu, ɗalibi zai koma rubuta abin da yake ganin malam yana so, tunaninsa na gaskiya kuwa ya ɓoye shi. Nancie Atwell, malamar makaranta a jihar Maine ta Amurka, ta bayyana a littafinta na 1987 yadda ita da ɗalibanta suke musayar wasiƙu a kan abin da suke karantawa, tana amsa musu a matsayin mai karatu irinsu. Malami na iya bin wannan hanya da layi biyu kacal a ƙasan shafi, ya yi tambaya ɗaya ko ya ambaci wani littafi da ya yi kama da wanda ɗalibin yake so. Idan tilas ne a ba da maki, a ba da shi a kan dagewa da kawo hujja daga littafin. Haka kuma a yarda ɗalibi ya naɗe duk shafin da ya taɓo sirrinsa, malam kuma ya wuce shi ba tare da ya buɗe ba.