Yadda Ƙungiyar Agaji Za Ta Kare Yara da Masu Rauni Idan Ta Fita Aiki Wata Ƙasa

Ƙungiyoyin agaji da dama da suka faro daga tara kuɗin abincin azumi ko haƙa rijiya a unguwa sukan girma har su tsallaka iyaka. Wasu su nufi Diffa, wasu gabashin Chadi inda 'yan gudun hijirar Sudan suka cika tun ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023, wasu kuma daga Ingila ko Amurka suke turo mutane da kaya. Sababbin shiga sukan tanadi mota da masauki da mai ɗaukar hoto, amma da wuya ka samu waɗanda suka zauna suka amsa tambayar da ta fi waɗannan nauyi: idan ɗaya daga cikin mutanenmu ya ci zarafin yaro ko mace a can, ta wace hanya labarin zai iso gare mu, kuma me za mu yi a ranar da ya iso? Ba zan tsaya kan rajista da neman izinin hukumomin ƙasar da za ku je ba, domin wanda bai kammala wannan ba bai ma kai lokacin ɗaura kaya ba.

Tushen matsalar shi ne bambancin ƙarfi. Mutumin da ke riƙe da takardar sunayen waɗanda za a ba shinkafa yana da iko a kan uwar da 'ya'yanta suka kwana da yunwa, ko da kuwa albashinsa bai taka kara ya karya ba. A shekarar 2002 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Save the Children ta Birtaniya sun fitar da rahoto kan sansanonin Gini da Laberiya da Saliyo, inda yara mata suka ba da labarin ma'aikatan agaji da ke neman lalata da su kafin su ba su abinci ko ledar rufin ɗaki. Yawancin dokokin da ake bi a yau daga wannan rahoto suka samo asali.

Ku fara da lissafa mutane

Kafin a rubuta kowace doka, ku ɗauki takarda ku jera duk wanda zai haɗu da masu karɓar taimako da sunan ƙungiyarku. A nan masu koyo suke fara kuskure, domin jami'an da ke sanye da rigar ƙungiya kaɗai suke ƙirgawa, su manta da direba da maigadi da tafinta da ɗan kwangilar da zai haƙa rijiya tare da leburorinsa, da kuma samarin gari da za a ɗauka na wucin gadi su rubuta sunaye ko su tsare layi. Ku tuna kuma cewa mai neman aiki a wurinku shi ma yana cikin masu rauni. Lokacin annobar Ebola a gabashin Kongo daga 2018 zuwa 2020, mata da yawa sun ce an nemi su ba da kansu kafin a ɗauke su aikin girki ko shara, kuma kwamitin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ya bayyana a 2021 cewa ya gano mutum 83 da ake zargi, 21 daga ciki ma'aikatan hukumar ne. A gefen kowane suna ku rubuta inda mutumin zai iya kaɗaita da yaro ko mace, kamar cikin mota, ɗakin ajiyar kaya, masauki ko ajin karatu bayan an tashi.

Tantance wanda za ku tura

Cewa wane ɗan gidan mutunci ne, ko ba ya rasa sahun farko a masallaci, ba tantancewa ba ce. Ku nemi lambar wurin da ya yi aiki a baya, ku samo ta da kanku maimakon ku karɓi wadda ya rubuta muku, ku kira shugabansa ku yi masa tambaya kai tsaye: an taɓa kawo ƙorafi a kansa game da mata ko yara, kuma za ku sake ɗaukarsa? Abin da ya faru da Oxfam a Haiti ya isa darasi. Bayan girgizar ƙasar 2010 ƙungiyar ta binciki wasu ma'aikatanta a 2011 kan amfani da mata masu zaman kansu, ta bar shugaban ofishinta na ƙasar ya yi murabus, daga baya ya samu aiki da wata ƙungiyar agaji a Bangaladash, duniya kuma ba ta ji cikakken labarin ba sai da jaridar The Times ta fallasa shi a watan Fabrairun 2018. Bayan wannan ne, a 2019, manyan ƙungiyoyi suka ƙaddamar da tsarin musayar bayani kan ma'aikatan da aka samu da laifin lalata. Takardar shaidar 'yan sanda tana da amfani, ku neme ta, amma wanda aka taɓa gurfanarwa kaɗai take kamawa, kuma yawancin masu wannan hali ba su taɓa shiga kotu ba. Kiran waya na minti goma ya fi ta araha, ya kuma fi ta fito da gaskiya.

Dokar shafi ɗaya

Kada ku kwafo kundi mai shafi arba'in daga intanet ku canza sunan ƙungiya. A ganina dokar da ta wuce shafi ɗaya ba mai karanta ta. Ginshiƙinta yana cikin sanarwar da Kofi Annan ya fitar a watan Oktoban 2003 yana babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya: an haramta hulɗar jinsi da duk wanda bai kai shekara 18 ba, ko mene ne dokar ƙasar ta ce, kuma cewa ban san shekarunta ba ba uzuri ba ne, an haramta musayar kuɗi ko aiki ko kaya da lalata, wanda kuma ya ga abin zargi wajibi ne ya kai rahoto. A kan wannan ku ƙara abubuwan da suka dace da rayuwarmu. Babba ɗaya ba ya kaɗaita da yaro, sai da na biyu a wurin. Ba a aiken yaran sansani sayo kati ko ruwa su kawo cikin masauki, kuma 'yar talla ba ta wuce bakin ƙofa. Ba a ɗaukar hoton yaro tsirara ko cikin halin da iyayensa za su ji kunya, ba a kuma sa sunansa da inda yake zaune a Facebook.

Akwai batun da ke jawo gardama a duk horon da ake yi, wato neman aure. Matsayina shi ne ma'aikaci ba ya neman aure a cikin masu karɓar taimako muddin yana bakin aiki, komai tsarkin niyyarsa, domin uban da buhun masararsa ke hannunka ba zai iya ce maka a'a da sakin zuciya ba. Rahoton da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar a 2016 kan mata da 'yan mata 43 a sansanoni bakwai na Maiduguri ya nuna cewa mafi yawansu da alƙawarin aure na ƙarya da ɗan abin masarufi aka yaudare su, kuma waɗanda suka ambata shugabannin sansani ne da 'yan sintiri da jami'an tsaro, wato mutanen da aka ɗora wa kula da su. Kowa ya sa hannu a dokar bayan an karanta masa ita da harshen da yake ji, har shugaban ƙungiya da baƙin da suka zo ziyarar kwana biyu.

Idan aikinku na marayu ne, kada ku yarda da duk wani shiri na raba yaro da danginsa. A watan Oktoban 2007 aka kama 'yan wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé a garin Abeche na gabashin Chadi suna shirin fita da yara 103 da suka ce marayun Darfur ne, bincike kuma ya nuna yawancinsu 'yan Chadi ne masu uwa ko uba a raye.

Hanyar kawo ƙorafi

Wannan ne matakin da na fi ganin yana rushewa, kuma idan ya rushe duk na baya sun zama ado. Abin da aka saba yi shi ne a sa kafinta ya ƙera akwati, a yi masa fenti, a rubuta da Turanci ko Faransanci cewa akwatin ƙorafi ne, a rataye shi a ƙofar ofis daidai inda maigadi ke zama da rediyonsa, makullin kuma a ba jami'in da ke kula da rabon kaya. An ba kura ajiyar nama ke nan. Matar da aka cuta wataƙila ba ta iya rubutu ba, ba ta da waya sai ta mijinta ko ta maƙwabciya, kuma ta san duk wanda ya gan ta tsaye gaban akwatin zai tambayi dalili kafin magariba. Bayan wata shida sai a buɗe a samu takarda biyu na neman ƙarin sabulu, a rubuta wa masu ba da tallafi cewa babu ƙorafi ko ɗaya. Wurin da ake raba kaya ga dubban mutane amma ba a taɓa jin koke ba, hanyarsa ce a toshe.

Abin da ya kamata shi ne ku tambayi mutanen da kansu, mata daban, 'yan mata daban, samari daban, ba tare da mai unguwa ko shugaban sansani yana zaune ba: idan wani abu ya same ki, wa za ki iya faɗa wa, kuma a ina? Sau da yawa amsar takan kasance ungozoma, ko ma'aikaciyar asibitin awo, ko malamar makaranta, domin zuwa wurinsu ba ya jawo ido. Ku gina hanyarku a kan wannan amsa. Ku naɗa mace wadda ba ta da hannu a rabon kaya, a san fuskarta, ta riƙa zagayawa wuraren da mata ke taruwa, kuma ta kasance tana iya kiran shugabanni kai tsaye ba tare da ta bi ta hannun manajan wurin ba. A samu hanya fiye da ɗaya, domin wata rana ita kanta hanyar ce za a yi ƙorafi a kai.

A farkon kowane rabo a yi shela da lasifika cewa kayan nan kyauta ne, babu wanda ke da ikon neman kuɗi ko wani abu a madadinsu, kuma wanda ya kawo ƙorafi ba za a cire sunansa ba. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci, domin tsoron rasa katin abinci ya fi kunya rufe bakin mutane. A yi shelar da harshen wurin. Kada ku ɗauka cewa tunda kuna jin Hausa kowa yana ji. A yankin Tafkin Chadi tsohuwar da Kanuri ko Larabcin Shuwa ko Fulatanci kaɗai take ji za ta gyaɗa muku kai ne don ladabi. Haka nan ku bi kurame da makafi da masu taɓin hankali da tsofaffin da ba sa iya fita har gida, domin su ne ke aika wakili ya karɓo musu, kuma ba kasafai ake tambayar ko kayan sun isa hannunsu cikakku ba.

Ranar da labari ya zo

Wanda aka fara faɗa wa ya saurara, ya nuna ya yarda, kada ya ce me ya kai ki ɗakinsa, kada kuma ya yi alƙawarin cewa babu wanda zai ji, sai dai ya ce waɗanda dole su sani kaɗai za a sanar. Ya rubuta maganar da kalmomin mai ita, da rana da lokaci, ya tsaya nan. Bincike ba aikinsa ba ne. Lafiya ce a gaba da komai. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau bayan fyaɗe cikin awa 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki kuma cikin awa 120, saboda haka tun kafin ku sauke kaya ku san asibitin da ke da su, ku ware kuɗin mota a aljihun wani da ba sai ya jira sa hannun ofis ba.

Kada a kira zaman sulhu. Kada a haɗa yarinya da wanda take zargi gaban dattawa, kada a ce su yi rantsuwa, kada a biya iyaye kuɗi don a rufe magana. Rufa asirin wadda aka cuta wajibi ne, amma da sunansa ake yawan rufa wa mai laifi. A janye wanda ake zargi daga wurin nan take, a dakatar da shi har a gama bincike, ba tare da an yanke masa hukunci ba tukuna. Babba mai hankali ita ke da zaɓin kai ƙara ga 'yan sanda bayan an yi mata bayanin abin da zai biyo baya. Na yaro kuwa ana bin dokar ƙasar da abin da ya fi masa alheri, shi ya sa ake neman shawarar lauyan ƙasar tun ba a shiga matsala ba.

Binciken kansa a ba wanda ba abokin aikin wanda ake zargi ba ne, idan ƙungiyar ƙarama ce a roƙi wata babba ta ara muku jami'inta. A sanar da masu ba da tallafi da wuri, ƙungiyar da ke da rajista a Ingila kuma ta kai rahoto ga hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta can. Takardu su zauna a kulle, ba a tura su a zauren WhatsApp. Idan laifi ya tabbata a kore shi a rubuce, kada a karɓi murabus, kuma ko ya ajiye aikin a tsakiyar bincike a kammala binciken a rubuta sakamako, domin duk ƙungiyar da ta kira nan gaba tana tambaya a kansa a samu abin da za a karanta mata.