Babi na 7: Ƙarfin da Ke Ajiye a Cikin Sifirin

Darasi na 1

Kowa ya kwance bironsa mai dannawa, ya zaro 'yar wayar nan murɗaɗɗiya. Sunanta sifirin. A tsayar da ita a kan benci, a danne da yatsa. Kada a saki tukuna. Kun ji tana ture yatsan? Ƙarfin da kuka sa bai salwanta ba, yana ajiye a cikinta kamar hatsi a rumbu. To, a saki. Ta yi tsalle. Ƙarfin ajiya ya koma ƙarfin motsi. Wanda tasa ta faɗa ƙarƙashin benci ya ɗauko, ba komai.

Darasi na 2

A nan ake tuntuɓe, saboda haka mu bi a hankali. Wani masani a Ingila, Robert Hooke, ya bayyana a 1678 cewa idan ka ninka nisan dannawa sau 2, turawar da sifirin ke yi ma ta ninku sau 2. Amma ƙarfin da ya ajiye ya ninku sau 4. Dalili kuwa, ka tura da ƙarfi ninki biyu, ka kuma tura nisa ninki biyu. Biyu sau biyu, huɗu.

A rubuta: 2 × 2 = 4.

Idan dannawa ta ninku sau 3 fa? Uku sau uku. Ba uku a tara da uku ba. A rubuta: 3 × 3 = 9. Alamar × tana nufin "sau". A jera tsakuwa layi uku, kowane layi uku, a ƙirga. Tara ko? Madalla. A sake ƙirgawa.

Duk ajin da na koyar sai an rubuta mini 6. Haba jama'a! Ku da kuke lissafin buhuna a kasuwa ba kuskure? Gaggawa ce kawai. Lambar ake ninkawa da kanta. A sake rubutawa sau biyar: 3 × 3 = 9.

Darasi na 3

Haka gudu yake. Babur mai gudun kilomita 40 a awa yana ɗauke da ƙarfin motsi ninki 4 na mai gudun 20. Birki ne ke mai da ƙarfin nan zafi, shi ya sa yake ɗumi bayan gangara. Nisan da babur zai ja bayan an taka birki ma kusan ninki 4 ne. Masu acaba, ku riƙe wannan.

Darasi na 4

A kalli lilon yara. A sama ajiya, a ƙasa gudu. A zana shi a gida.