Kurakuran da yaran sakandare a Sin suka fi yi a sauraro da karatun Turanci na Gaokao

Duk wanda ya taɓa zama da ɗaliban sakandare a ƙasar Sin yasan matsalarsu ba lalaci bace. Yaran nan tun da sassafe suna aji suna karatu da ƙarfi, da daddare kuma su koma zaman nazari har wajen 9 ko 10, amma sai kaga yaro ya haddace kalmomin Turanci 3500 na jarabawa da kowa ke yawo da littafinsu a hannu, a kunna masa hirar da bata kai rabin minti ba ya kasa faɗin ƙarfe nawa jirgi zai tashi. To wannan rubutun na 'yan uwa ne da suke can suna taimaka wa irin yaran nan da Turanci, duk da dai mai shirin jarabawar Turanci ta IELTS ma in ya karanta ba zai rasa abin ɗauka ba.

Gaokao dai ita ce jarabawar shiga jami'a, ana farawa 7 ga Yuni duk shekara, a 2024 mutum miliyan 13.42 ne suka yi rajista. Turanci ana yinsa ran 8 ga wata daga ƙarfe 3 zuwa 5 na yamma, maki 150. A sabuwar takardar ƙasa da yawancin larduna ke amfani da ita sauraro nada maki 30, tambaya 20 kowacce maki 1.5, karatu kuma maki 50. Wato 80 kenan cikin 150, fiye da rabi, kuma a jarabawar da maki ɗaya ke iya tsallakar da kai gaban ɗaruruwan mutane a lardinku, tambaya biyu da ka zubar a banza ba ƙaramar asara bace.

Babban kuskuren da yafi cin yara a sauraro shine jin kalma a yi caraf a kama ta. Yaro yaji ance library a cikin hira, ya duba takarda yaga library a zaɓi na B, shikenan ya shafa B yana murna. Alhali masu tsara tambayoyin nan sun san haka zakayi, da gangan suke saka kalmar da kaji a cikin amsar da ba daidai ba, ita kuma amsar gaskiya su canza mata kaya, a hirar ace I can't afford it, a takarda a rubuta it is too expensive. Misali mace tace taron da aka sa ƙarfe 9 an ɗaga shi da rabin awa, a tambayeka yaushe za'a fara, zaɓi kuwa 8:30 da 9:00 da 9:30, to 9 kaɗai kunnenka yaji an ambata a fili kuma ita ce tarkon. Haka in namiji yace I'd love to, but..., duk abinda ya faɗa kafin but ladabi ne kawai, maganar tana bayansa. Gyaran ba wahala, sai dai yana son haƙuri: bayan an gama atisaye a ɗauko rubutun hirar, kowace tambaya yaro ya ja layi a ƙarƙashin jimlar da amsa ta fito, ya rubuta a gefe yadda aka juya ta a takarda. In ya jima yana haka da kansa zai fara zargin duk zaɓin da yayi kama da abinda yaji sak.

Sai ɓata sakannin da ake bayarwa. Sashe na farko gajerun hirarraki 5 ne, shekara da shekaru sau ɗaya tak aka riƙa kunna su, ana baka sakan 10 ka amsa ka kuma leƙa ta gaba. Sashe na biyu dogaye ne guda 5 da tambaya 15, sau biyu ake kunnawa, kuma kafin kowacce ana bada sakan 5 ga kowace tambaya don ka karanta. Yara da yawa a wannan lokacin suna can baya suna jimamin wadda ta wuce, ko B ce ko C ce, kafin su farga sabuwar hira tayi nisa, sun rasa ɗaya sun jawo ta biyu da ta uku sun bi ta. Wadda ta wuce ta wuce, ka zaɓi ɗaya ka sa ɗan alama ka matsa. Ko lokacin da ake karanta umarni, ko in an saka tsohon misalin tambaya kan farashin riga, fam 9 da kwabo 15, wanda duk wanda yayi Gaokao ya haddace har ya zama abin barkwanci a intanet ɗinsu, ba sauraronsa ya kamata kayi ba, amsarsa C ce tun zamanin yayyenka, idonka ya kasance kan tambayoyin farko kana ja wa when da where da why layi.

Akwai kuma wata matsala da ta fi zurfi, ita ce kalmar da yaro ya sani da ido amma kunnensa bai santa ba. Gaɓar Sinancin Mandarin ba ta ƙarewa da baƙi sai n ko ng, in ka cire sautin r da wasu gaɓoɓi ke ƙarewa da shi, kuma ba'a jera baƙaƙe biyu uku a wuri ɗaya, don haka yaro ya saba ƙara wasali, desk a bakinsa ta zama gaɓa uku. Ya haddace ta a haka, ya maimaita ta a haka kullum da safe da ƙarfi, ranar da Bature ya faɗe ta a dunƙule cikin jimla sai ta wuce shi kamar bai taɓa jinta ba. Ka haɗa da yadda masu harshen ke manne kalmomi, pick it up ta fito kamar kalma ɗaya, not at all haka, to da of da and duk su shanye su saura ɗan sauti. Maganinsa shifta ne, ba wani abu ba. A ɗauki hira ɗaya gajera daga tsofaffin takardun Gaokao, ba sai doguwa ba, a kunna jimla a tsayar yaro ya rubuta abinda yaji, a sake, a sake, sannan a buɗe rubutun a gwada. Inda ya bar gurbi ko ya rubuta shirme nan ne ciwon yake. Daga nan ya bi muryar yana faɗa tare da ita har bakinsa ya iya manne kalmomin yadda aka manne su, don abinda bakinka ya iya faɗa daidai kunnenka baya wahalar kama shi. Minti 15 kullum na irin wannan ya fi awa 2 ran Lahadi ana kunna takarda bayan takarda ana duba amsa kawai.

Lambobi su ma suna da nasu rikicin. Fifteen da fifty kowa ya sani, a kula da inda nauyin murya ya faɗa. Amma wanda malamai baƙi basu cika lura da shi ba shine Sinawa da dubu goma-goma suke ƙirga manyan lambobi, dubu ɗari a wajensu goma ne na dubu goma, to in yaro yaji two hundred thousand sai ya tsaya lissafi a ka, hira kuma bata jiransa. A koya masa ya rubuta da alƙaluma kai tsaye, yaji thousand ya sa waƙafi ya cika sifili uku, kar ya bi ta Sinanci sam. He da she ma haka, a magana sautinsu ɗaya ne a Mandarin, shi yasa tambayar me namijin zai yi ko me macen take nufi ke rikita wasu, su ɗauko maganar wannan su jingina wa wancan. Rubuta ɗan M na namiji da W na mace a gefen takarda yana rage wannan.

Wani abu da ake rainawa: atisaye da iyafis a kunne cikin ɗaki shiru. A wurare da yawa ta lasifika ake kunna sauraron a ajin jarabawa, ga amsa-kuwwa, ga mai tari, ga zafin Yuni. Gwamnatocin birane na hana hon da aikin gini kusa da cibiyoyi, amma duk da haka sautin ba irin na iyafis bane. Sai dai a fara sanin tsarin inda yaro yake, don ba ɗaya bane ko'ina, Beijing a kwamfuta suke yin sauraro da magana, maki 50, sau biyu kafin watan Yuni a ɗauki mafi yawa, Shanghai da Zhejiang kuma suna da damar yin Turancin a Janairu da kuma Yuni. A lardin Henan ma da can ba'a haɗa makin sauraro cikin jimla sai daga 2025, shi yasa zaka samu makarantun da suka daɗe basu ɗauke shi da muhimmanci ba.

A ɓangaren karatu, nassi 4 ne A zuwa D da tambaya 15, kowacce maki 2.5, sai wani nassi da aka cire masa jimla 5 aka baka 7 ka zaɓa. Kuskuren farko anan fassara kowace jimla zuwa Sinanci a zuci. Lokaci yake ci ba kaɗan ba, kuma a dogayen jimloli yake watsewa, saboda a Sinanci duk bayanin da ke siffanta suna gabansa yake zuwa, a Turanci kuma which da who da that bayansa suke biyowa, mu Hausawa anan mun huta don wanda da wadda ɗinmu ma baya suke zuwa. Sai kaga yaro ya kai ƙarshen jimla mai layi huɗu ya manta waye ma ake magana a kai. A nuna masa ya fara nemo mai aiki da aikin, ya kewaye duk abinda ke tsakanin waƙafi biyu ya tsallake shi tukuna, in ƙashin jimlar ya fito sai ya dawo ya maida naman.

Nassin A yawanci talla ne ko sanarwa, jadawalin yawon buɗe ido, farashin tikiti, irin wannan, bai cancanci a karanta shi daga sama har ƙasa ba, tambaya zaka fara karantawa ka je ka tsinto amsa, minti 4 ko 5 ya isa. C da D su ne masu nauyi, rahoton bincike ko ra'ayin marubuci, can ya kamata lokaci ya tafi. Amma yara sai su yi akasin haka, su lallaɓa A da B su iso D a gigice.

Tarkon zaɓi kuwa iri ɗaya ne da na sauraro sai dai yafi wayo. Akwai zaɓin da ya kwaso kalmomin nassi sak amma ya canza abu ɗaya, nassi yace some zaɓi yace all, nassi yace may zaɓi yace will. Akwai wanda gaskiya ne a duniya amma marubucin bai faɗa ba, yaro mai yawan sani shi wannan yafi kamawa, yasan robobi na gurɓata teku don haka ya zaɓa, alhali nassin kan kuɗin sake sarrafa su yake magana. In tambaya tace infer, abinda aka rubuta ɓaro-ɓaro a nassi ba shi ake nema ba, taki ɗaya ake so ka ƙara, ɗaya fa, ba uku ba. Na zaɓen taken nassi kuma yara na son ɗaukar abinda sakin layi na ƙarshe yayi magana a kai don shi ne sabo a ƙwaƙwalwa. Ni dai dokar da nake ganin tafi aiki ita ce kar yaro ya shafa amsa sai ya iya ɗora yatsa kan layin da ya bashi ita, in ka tambaye shi me yasa C yace haka dai naji a jikina, to ko ya ci ka ɗauka bai ci ba.

Kalmomin da aka sani da ma'ana ɗaya suma suna kada mutane fiye da baƙin kalmomi. Baƙuwar kalma ai kasan baka santa ba zaka yi hattara, amma address da kasan ta da adireshi sai ta zo a address the problem, ko novel ta zo a novel idea, ka wuce da ma'anar da ka haddace baka ma san ka ɓata ba. Haddar jerin kalmomi da ma'ana ɗaya a gefe ce ke jawo wannan, gara a riƙa rubuta kalma tare da jimlar da aka ganta a ciki.

Na cike gurbi da jimla 5 cikin 7, yawanci gaggawa ce ke kashe shi, a ga kalma iri ɗaya a sama a cusa. A duba this da they da such da however a farkon zaɓin, su wa suke nunawa a jimlar baya, sannan a karanta jimlar da ke bayan gurbin ita ma, yara da yawa ta kafin gurbin kawai suke dubawa. Kuskure ɗaya anan yakan ja na biyu tunda ka cinye jimlar wani gurbin, don haka a fara da wanda aka tabbatar.

Kusan kowane ɗalibi a can yana da littafin tara kurakurai, al'ada ce mai kyau, amma ka buɗe na wasu kaga sun kwafe tambaya da jan biro sun rubuta amsa D, shikenan. Wannan kwafi ne kawai. Abinda ya kamata ya shiga ciki shine dalili, ban ji but ba, na ɗauki some a matsayin all, lokaci ya ƙure min. In aka tara na wata guda za'a ga dalili biyu ko uku ne ke ta maimaituwa, sai a zauna a kansu maimakon a ƙaro sabon tulin takardu.

In jarabawa ta matso a maida atisayen Turanci ƙarfe 3 na yamma, don yaran sun saba da barcin rana bayan abinci kuma kai yakan yi nauyi a daidai lokacin. A saba da minti 2 da ake bayarwa bayan sauraro don kwashe amsa zuwa takardar shafawa da fensir 2B, a riƙa duba lambar tambaya kar a zame layi ɗaya. Sannan ranar Turanci ba kamar sauran darussa bace da ake yi wa mai latti uzurin minti 15, ita ƙarfe 2:45 ake rufe ƙofa saboda gwajin sauti, wanda ya iso 2:50 a waje zai tsaya.