Yanda za ku shirya tafiyar zagayowar ranar aurenku zuwa yankin gonakin inabi

Kafin ku fara kallon hotunan otal a waya kuna gardamar wanne ya fi kyau, ku fara duba wane wata ranar auren naku ta faɗo, don watan ne zai zaɓa muku ƙasar da za ku. A Faransa da Italiya da Fotugal da Kalifoniya ta Amurka ana tsinkar inabi ne daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, a Afirka ta Kudu da Chile da Ajantina kuwa sai wajen Fabrairu zuwa Afrilu. Toh in auren Janairu ne naku kuka ɗauki jaka kuka nufi Bordeaux ta Faransa, abunda za ku tarar sanyi ne da kurangar inabi ba ko ganye ɗaya, sai ƙirare a jere har iya ganinku. Lokacin yana da nasa daɗin fa, otal ya fi araha, ba cunkoso, mai gona ma yana da sukunin zama ya yi hira da ku, amma dai ku san abunda za ku je gani. Lokacin girbi shi ya fi kyau a ido sai dai shi ne mutanen gona ba su da lokacin kansu, wasu ƙananan gonaki ma daina karɓar baƙi suke har sai an gama.

Yanki ɗaya za ku zaɓa, ɗaya tak. Ni dai a ganina ga waɗanda ba su taɓa irin wannan tafiyar ba yankin Cape na Afirka ta Kudu ya fi sauƙin sha'ani, Stellenbosch wajen kilomita 50 ne kawai daga Cape Town, tsohon gari ne tun 1679, ga Paarl da Franschhoek nan kusa ba wata doguwar tafiya tsakaninsu. Franschhoek ɗin nan Faransawa 'yan Huguenot da suka gudo daga ƙasarsu saboda addini ne suka fara zama a wajen a 1688, shi ya sa za ku ga sunayen gonaki irin su La Motte, kuma akwai wani ɗan jirgin ƙasa da motoci masu zagaya gonakin da ake ce wa Wine Tram, ka sauka inda kake so ka jira na gaba. In kuma kun fi son kallon ruwa da duwatsu toh Douro na Fotugal, ku hau jirgin ƙasa daga Porto ya bi gaɓar kogi har Pinhão, gonakin hawa-hawa a jikin tsaunuka, tun 1756 hukuma ta shata iyakar yankin. In yankin Champagne na Faransa kuke so kuma, daga Paris zuwa garin Reims da ke cikinsa minti 45 ne a jirgin ƙasa mai gudu. Napa ta Kalifoniya tana da kyau ba musu, tun da giyarta ta kada ta Faransa a gasar ɗanɗano ta Paris a 1976 sunanta ya fita, amma aljihu zai ji a jikinsa.

Inda mutane suka fi ɓata tafiyarsu shi ne yawan gonaki. Sai ka ga an jero shida a rana ɗaya wai kar kuɗin jirgi ya tafi a banza. Ku yi lissafi mana, a kowace gona yawanci giyar inabi kala biyar ko shida ake zuba wa mutum ya ɗanɗana, kowanne wajen mililita 30 zuwa 60. In an zuba maka 50 sau biyar a gonaki uku ka haɗiye duka, 750 kenan, kwalba guda cif, kai kaɗai, kafin ma a kai ga abincin dare. Ga shi daga gona ta uku harshe ya gaji komai ya koma ɗanɗano ɗaya, kuna ta kallon agogo, direba yana jira, maganar da kuka zo ku yi da juna ba a yi ta ba. Biyu sun isa, ɗaya da hantsi ɗaya bayan abincin rana, kuma ku haɗa babba da ƙarama, babbar don ganin gine-gine da rumbun ganguna, ƙaramar don a nan ne sau da yawa wanda ya noma inabin da hannunsa shi zai tsaya yana zuba muku. A ainihin ranar auren kuwa guda ɗaya ma ta wadatar.

Maganar tuƙi ku kashe ta tun daga gida. Ko ku ɗauki direba na yini, ko tasi, ko irin jirgin Franschhoek ɗin can. A Faransa da Afirka ta Kudu iyakar da doka ta yarda wa direba gram 0.5 ne na barasa a litar jini, kuma ba wuya an wuce wajen, ga hanyoyin gona sirara masu kwana-kwana, a Afirka ta Kudu ma ta hagu ake tuƙi. Tsarin nan na cewa maigida zai tuƙa madam ta ɗanɗana gobe a yi canji yana aiki, amma fa sai in mai tuƙin da gaske bai haɗiyi komai ba.

Ku yi bukin, wato ku kama wuri a gonakin, tun da wuri, musamman Bordeaux da Napa inda gonaki da yawa ba a shiga sai da alƙawari. A ƙauyukan Faransa wurare da dama suna rufewa da tsakar rana don cin abinci, wasu kuma ba sa buɗewa ran Lahadi. Cikin imel ɗin ku rubuta cewa zagayowar ranar aurenku ce, ba roƙo ba ne, kawai dai sau da yawa sai a ba ku teburin da ke kallon gona maimakon na bakin ƙofa.

Toh ranar ta zo. Ku karya da abinci mai nauyi, kuma turare a bar shi a otal, na madam da na oga duka, don rabin aikin da hanci ake yi kuma turarenka zai dami na kusa da kai. Takalmi mara tsini saboda tsakuwa da ƙasa, da 'yar rigar sanyi ko da ana zafi, rumbunan ƙarƙashin ƙasa irin na Reims da aka haƙa cikin dutsen alli ba sa wuce digiri 10 zuwa 12 duk shekara. Idan an zuba, ka riƙe kofin ta siririyar ƙafarsa don zafin hannu kar ya ɗumama abun ciki, ka ɗan karkata shi kan farar takarda ka ga launin, sannan ka ajiye gindinsa kan tebur ka juya shi a hankali sau uku ko huɗu, a kan tebur fa, masu juyawa a sama su ne ke komawa otal da jan tabo a gaban riga. Ka sa hanci ka shaƙa, ka kurɓi kaɗan ka zagaya da shi cikin baki. In ka ji dasashi da harshe sun bushe kamar ka sha baƙin shayin da ya daɗe a kan wuta toh tanin ne, daga ɓawon inabi da 'ya'yansa da gangar katako yake fitowa, shi ya sa ya fi yawa a jar giya. Ana farawa da fara kafin ja, mara zaƙi kafin mai zaƙi, su za su jera muku ba sai kun wahala ba. Akwai ɗan bokiti a kan teburin, na tofarwa ne da zubar da ragowa, kuma ba wanda zai kalle ku, ƙwararrun ma haka suke yi.

Kar ku damu da manyan kalmomin da mai zubawa zai riƙa jerowa. Abunda ya fi daɗi shi ne kowa ya faɗi abunda ya ji kafin a yi muku bayani, ita ta ce ƙamshin hayaƙi take ji shi ya ce a'a busasshen 'ya'yan itace ne, a yi ta musu ana dariya. In a Cape kuke ku tambayi Pinotage, inabin wajen ne na kansu, wani farfesa a jami'ar Stellenbosch mai suna Abraham Perold ne ya haɗa irin Pinot noir da Cinsaut ya samar da shi a 1925, kuma har yau wasu na sonsa wasu ko kusa.

In ɗayanku ba ya shan giya, ko ma ku duka, saboda addini ko lafiya ko juna biyu, tafiyar ba ta lalace ba. Ku faɗa tun wajen bukin, gonaki da yawa suna da jus ɗin inabi zalla wanda ba a tsima ba. A lura dai, kwalbar da aka rubuta an cire mata barasa tana iya ɗauke da har kashi 0.5 cikin ɗari, don haka wanda ba ya so ko ɗigo ya karanta takardar jikin kwalba, ya kuma tambaya a gidan abinci ko an dafa miyar da giya. A gonakin Cape, Babylonstoren lambunsa kaɗai ya isa yawon rabin yini, Boschendal ana shirya kwandon fikinik a ci ƙarƙashin bishiyoyi, Fairview ta Paarl kuma cuku take yi ga hasumiyar awakinta da kowa ke ɗauka hoto.

Masu son sayen kwalba su saya a gonar ƙarshe ta ranar, don in ta wuni a but ɗin mota cikin rana ta lalace. A yawancin filayen jirgi ba a shiga da ita jirgi a jakar hannu saboda dokar mililita 100, sai dai a naɗe ta da kaya a tsakiyar babban akwati, kuma kafin ku biya ku duba abunda kwastam ɗin ƙasar da za ku sauka ta yarda a shigo da shi, akwai ƙasashen da ko kwalba ɗaya ba a yarda ba.