Kurakuran da muke tafkawa in ana musun Game of Thrones a majalisa

Tun 2019 aka gama Game of Thrones, shiri mai dogon zango na tashar HBO ta Amurka, amma har yau in sanyin Jos ya tara mu a teburin mai shayi ta Bauchi Road sai wani ya tono zancen, kuma kullum kuskure iri ɗaya muke maimaitawa har shayin ya huce.

Babba a ciki, duk abin da bai yi wa mutum daɗi ba sai ya ce ai giɓi ne a labarin. A'a malam, abu uku ne daban. Kofin kofi da aka manta kan tebur a zango na 8 kashi na 4 sakacin masu ɗauka ne, HBO ma ta goge shi daga baya. Rickon, ƙaramin ɗan gidan Stark, da ya miƙe samɓal yana gudu mugun nan Ramsay na sakar masa kibiya, yaro ne a firgice, kai ma in kare ya biyo ka a lungun Unguwar Rogo ba ka tuna kwana-kwana. Giɓi na gaske shi ne inda marubuci ya karya dokar da shi da kansa ya kafa. A kashin farko an ce wata guda aka yi a hanya daga King's Landing zuwa Winterfell, amma a zango na 7 kashi na 6 da rundunar matattu ta ritsa da ayarin Jon Snow a can arewa, ɗaya daga cikinsu, Gendry, ya ruga da ƙafa har sansanin Eastwatch, hankaka ya kai saƙo Dragonstone, Daenerys ta iso da dodanninta, duk su Jon na nan kan dutse tsakiyar ƙanƙara ba su daskare ba. To kafin ka ce giɓi, faɗi dokar da aka karya da kashin da aka kafa ta, in ba ka da su ka ce bai burge ka ba kawai.

Sai masu auna kwamanda da abin da mu 'yan kallo muka sani. A yaƙinsa da Ramsay, Jon bai san 'yar gidansu Sansa ta aika a kawo mayaƙan yankin Vale ba, kar ka zage shi don bai jira su ba. Amma kuma kar ka zama lauyan da ba a biya ba, domin tsarin yaƙin Winterfell da rundunar matattu a zango na 8 wallahi ba ya karuwa. An tura mahayan Dothraki cikin duhu su afka wa abokin gabar da ba su gani ba, manyan majajjawa an jera su a gaba, ramin wuta kuma yana bayan sojoji. Kakanninmu da suka gina ganuwar Kano ai a waje suka haƙa rami su kuma suna ciki. Ga wadda ta fi ci min rai, Jon da idonsa ya ga Night King, sarkin wannan runduna, ya tada matattu a Hardhome, sai kuma aka ɓoye mata da yara a ƙarƙashin ƙasa cikin kushewu. Haba.

Mai cewa "a littafi ba haka yake ba" shi kuma a tuna masa littattafan biyar ne suka fito, na ƙarshe a 2011, ba su kai zango na 8 ba balle su raba mana gardama.

Wani mutuminmu ya rantse Ghost, kerkecin Jon, ya mutu a yaƙin Winterfell ɗin nan na zango na 8, har da cacar kwai da biredi. Ashe a waya ya kalla da rana tsaka, kwafin da mai turi ya matse, ga kashin dama duhu ne kusan minti 80. Ka samu kwafi mai kyau, ka kashe fitila ka sake kallo kafin ka rantse. Shi dai da muka nuna masa Ghost a kashi na gaba da yagaggen kunne, cewa ya yi wani karen ne.